Sharhi: Mece ce Magoya Baya Za Su Nema Daga Ƙungiyar da Ake Sake Ginawa?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan ƙwallon kwando ne, musamman gasar NBA ta Amurka, da wata tambaya da ke dawowa duk farkon kaka: idan ƙungiya ta sallami manyan 'yan wasanta ta ce za ta sake gini daga tushe, me ya kamata magoya baya su sa rai da shi, kuma da wane ma'auni za su auna kocinta?

Ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowace na buga wasa 82 a kaka. Babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Shekara da shekaru ma, waɗanda suka zo ƙarshe su aka riƙa bai wa dama mafi girma wajen zaɓen sabbin matasa da ake yi duk shekara. Shi ya sa shugabannin ƙungiya kan zauna su ce, tunda ba za mu ɗauki kofi da waɗannan 'yan wasa ba, mu musanya su da damar zaɓe, mu jure rashin nasara na wasu shekaru, mu tara yara. A takarda lissafi ne mai kyau. Amma wanda ya sayi tikiti ya zauna a zaure ba takarda ya zo kallo ba.

Ranar 2 ga Disamba 2021, Memphis Grizzlies ta ci Oklahoma City Thunder 152 da 79. Tazarar maki 73, mafi girma a tarihin gasar. Kocin Thunder a daren shi ne Mark Daigneault, matashin da aka ɗauko a 2020 bayan ya yi shekara biyar yana horar da ƙaramar ƙungiyarsu. A kakarsa ta farko sun ci wasa 22, a ta biyu 24. Da za a bi fushin wannan dare, da tuni ya tattara kayansa. Shugaban ƙungiyar, Sam Presti, bai taɓa shi ba. Kaka ta uku suka ci 40, ta huɗu 57, ta biyar 68, kuma a 2025 suka doke Indiana Pacers a wasa na bakwai, na raba gardama a zagayen ƙarshe, suka ɗauki kofi. Shai Gilgeous-Alexander, ɗan Kanada da suka samo lokacin da suka musanya tauraronsu Paul George a 2019, shi ne ya zama gwarzon gasar a wannan shekara.

To, wannan labari ake yawan karanta wa magoya baya idan sun fara ƙorafi, a ce musu mahaƙurci mawadaci. Ni kuwa ina ganin ana yi musu rashin adalci idan aka tsaya nan, domin akwai ɗaya gefen.

Filadelfiya ta bi wannan hanya tun kafin Oklahoma. Daga 2013 babban manajanta Sam Hinkie ya rushe ƙungiyar, wato 76ers, da gangan, koci Brett Brown kuma ya ɗauki nauyin: nasara 19, sai 18, sai 10 kacal a kakar 2015 zuwa 2016. Sun samu Joel Embiid, ɗan Kamaru, wanda raunin ƙafa ya hana shi buga ko wasa ɗaya a shekaru biyunsa na farko. Daga baya ƙungiyar ta miƙe, ta ci wasa 52 a 2018. Sai dai har zuwa 2025 ba ta wuce zagaye na biyu na wasannin neman kofi ba. Brown, wanda ya sha ɗacin shekarun nan duka, an sallame shi a 2020. Magoya bayan da suka yi shekara uku suna haƙuri, kofin da aka nuna musu daga nesa bai iso ba.

Ita ma damar zaɓen ba tabbas ba ce. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi uku mafi rauni kowace kashi 14 cikin ɗari kawai aka ba ta na samun zaɓin farko a ƙuri'ar da ake jefawa. Detroit Pistons ta zo ta ƙarshe a 2023, ta sake zuwa ta ƙarshe a 2024, kuma duka biyun zaɓi na biyar ta samu. Saboda haka duk shugaban da ya ce wa jama'a ku jure, ƙuri'a za ta cece mu, bai gaya musu gaskiya duka ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan Detroit, don a nan darasin koci ya fi fitowa. A 2023 sun ɗauko Monty Williams, mutum mai suna, wanda ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021. Suka ba shi kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78 da rabi. A kakar suka yi rashin nasara sau 28 a jere, suka ƙare da nasara 14. Mutane a zaure har ihu suke yi a sayar da ƙungiyar. Shin sun yi gaggawa? A ganina ba su yi ba. Abin da ya ƙona musu rai ya wuce yawan faɗuwa. Suna kallo ba sa ganin inda aka dosa: ba a san 'yan wasa biyar da za a gina a kansu ba, matashin tauraronsu Cade Cunningham na ɗauke da kaya shi kaɗai, babu masu jefa ƙwallo daga nesa da za su buɗe masa fili. Aka sallami Williams bayan kaka ɗaya. J.B. Bickerstaff ya zo a matsayin sabon koci, aka kawo gogaggu irin su Tobias Harris da Malik Beasley, sai ga nasara 44 a kakar da ta biyo, da Cunningham ɗin nan dai a tsakiya.

Oklahoma ta yi rashin nasara, Detroit ma ta yi. A ɗaya haƙuri ne daidai, a ɗaya ƙorafi ne daidai. Bambancin ba a teburin gasa yake ba, kuma nan ne nake so mai sauraro ya riƙe. Ƙungiyar da ake ginawa, a shekara biyun farko, adadin nasara ba ya gaya maka komai game da koci. Duba yaron da aka zaɓa bara: abin da bai iya ba a watan Nuwamba, ya iya shi a Maris? Idan an ba su tazarar maki 20, suna komawa tsaron gida da gudu ko sun saki jiki? Ana barin matashi ya yi kuskure ya ci gaba da wasa, ko da ya zubar da ƙwallo sau biyu sai benci? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan tanƙwarar ita ce aikin da aka ɗauki kocin ya yi. Idan ana ganinta, a bar mutum ya yi aikinsa ko da ana faɗuwa. Idan ba a ganinta, babu girman suna ko kwantiragi da zai sa a yi shiru.

Wani abu kuma da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa koci laifin da ba nasa ba. Ba shi ya zaɓi 'yan wasa ba, ba shi ya sayar da taurari ba. Amma shi ke tsayawa gaban 'yan jarida bayan kowane wasa, sau 82, yana bayanin abin da wasu suka ƙulla a ofis. Idan za a yi fushi, a raba shi daidai, shugabanni su karɓi kasonsu. Su fito su faɗa wa mutane shekara nawa suke nufi, da abin da za a gani a kowace shekara, don mai biyan kuɗin tikiti ya san abin da yake saya.

Magoya baya ba su yi laifi ba don sun so nasara. Uban da ya kawo ɗansa kallo yana so yaron ya koma gida da murna a daren nan, ba bayan shekara huɗu ba, kuma wannan buri ne mai daraja. Abin da nake roƙo shi ne, idan aka tashi wasa ƙungiyarku ta sake faɗuwa, kafin a kira sunan koci a ce ya tafi, a tuna minti nawa yaran suka buga, da yadda suka buga zangon ƙarshe. Ni dai abin da zan sa wa ido ke nan a kakar nan, kuma zan dawo muku da abin da na gani. A huta lafiya.