Buɗe Ƙofar Kasuwanci: Shi Ke Kawo Arziki?

Akwai lissafin da masana tattalin arziki ke yi don gane yadda ƙasa ta buɗe ƙofarta. A haɗa kuɗin kayan da ta fitar da na waɗanda ta shigo da su, a auna shi da jimillar abin da ta samar a shekara. Na Singafo ya haura kashi 300 cikin ɗari. Na Amurka kuwa, duk arzikinta, bai wuce wajen kashi 25 ba. Ka ga tun nan lissafin ya fara gardama.

Amma fa ba a musun amfanin ciniki da waje. A 1978 jagoran Sin, Deng Xiaoping, ya fara sassauta tattalin arzikin ƙasar, a 1980 aka ware garin Shenzhen don masu zuba jari, a 2001 ƙasar ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Me ya canza? Masana'antar da a da take ɗinka wa gari ɗaya riga ta samu masu saye a nahiyoyi. Ta shigo da injina na zamani, ma'aikata suka koyi aiki da su, kuma dole ta gyara ɗinkinta, don mai saye a Jamus ba ya karɓar uzuri.

Sai dai Koriya ta Kudu, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ba wangale ƙofa ta yi ba. A shekarun 1960 gwamnatin Park Chung-hee ta kare masana'antun gida, ta ba su rance mai sauƙi, amma da sharaɗi: ku fitar da kaya. Kamfanin da ya kasa cika adadin da aka ɗora masa, tallafinsa na cikin haɗari. A ganina wannan sharaɗin ne gishirin miyar, kuma shi ne masu kwaikwayo suka fi mantawa.

Akwai wani ruɗani kuma. Ƙasar da ta fara samun wadata, cinikinta na ƙaruwa da kansa, tunda mutanenta sun samu abin saye. To wanne ya jawo wanne?

Ƙasar Haiti kuwa, saɓanin Koriya, wangale ƙofa ta yi. A 1995 ta zaftare harajin shinkafar waje daga kashi 35 zuwa kashi 3. Shinkafar Amurka, wadda manomanta ke cin tallafin gwamnati, ta cika kasuwa. Mai saye a birni ya ɗan ji sauƙi, amma manomin kwarin Artibonite ya rasa inda zai kai tasa, ga shi babu masana'antar da za ta ɗauke shi aiki.