Na sayi gida a Shefil, ku taso mu hau dutse

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Gombe da Bauchi barkanmu da warhaka, 'yan Jekadafari ina gaisuwa ta musamman. Yau Asabar, karfe bakwai da 'yan mintuna, ku yi hakuri da muryata dutin dare uku na yi a jere jiya da safe na sauka. Toh wannan jar kofar da kuke gani a bayana kofar gidana ce. Nawa fa, ba haya ba. Wata biyu kenan da aka damka min makulli amma wlh har yau in na zura shi a kofar nan se na ji bakina ya ce Alhamdulillah da kansa.

Wadanda suka dade suna bina sun san shekara biyar na yi a Luton ina aikin jinya, ciki daya da falo ni da maman yara da yara biyu, haya tana cinye kusan rabin albashi. Da aiki ya samu a nan Shefil, wani gari a arewacin Ingila, da karin girma ban ko tsaya dogon tunani ba. Amma ban sayi gida nan take ba, na zo ni kadai na kama daki na wata shida tukuna, kuma duk wanda aiki ya dauke shi zuwa garin da be sani ba ina rokonsa ya yi haka. Dalili, garin nan kan tuddai yake. Za ka duba waya ta ce maka daga gidan zuwa tasha tafiyar minti goma sha biyar ce a kafa, ba za ta gaya maka hawa ne kaman za ka tadda sama ba, in sanyi ya zo kankara ta kwanta a layin ko mota se ta ringa zamewa. A wata shidan nan ne na gane ina masallatai suke, ina ake samun naman halal da garin masara da attarugu, wajen Spital Hill akwai shagunan 'yan Somaliya da 'yan Yaman, na gane wace bas ce ke kai ni asibiti karfe shida na safe ba tare da na canza wata ba.

Tambayar da kuka fi turo min ita ce ta riba, kuma gaskiyarku ne. Ni de ban dauki mogej, wato bashin sayen gida, na ruwa ba. Akwai tsarin da bankunan Musulunci suke yi a nan, ku hada kudi kai da su ku sayi gidan, kai kana da kason da ka zuba su suna da sauran, duk wata kana biyan hayar kasonsu kana kuma sayen wani yanki a hankali har ya koma naka duka, musharaka kenan. Ya dan fi tsada kuma se ka tara kudin farko masu kauri, ba zan boye muku ba. Kafin in sa hannu se da na karanta wa malamina na Gombe sharuddan ta waya daya bayan daya, kusan awa biyu muka yi, kowa ya tambayi nashi malamin.

Inda na sha wuya kuwa wajen lauya ne. A nan ba a sayen gida se da lauya, kuma doka ta dora masa se ya san inda ka samo kowane fam. Kudina kashi uku ne, ajiyar albashi, adashi, da filina na Tumfure da kanena ya sayar min. Na albashi ba matsala. Adashin nan mu goma ne, fam 500 duk wata, ranar daukata fam 4,500 suka shigo asusuna daga mutum tara daban daban, lauyar ta bugo min ta ce su wane ne wadannan kuma me ya sa suke ba ka kudi. Yanzu ta ina zan fara yi wa Baturiya bayanin adashi? Se da na kwaso bayanan banki na wata goma na ja layi a kan kowane zubi da na yi, uwar adashinmu ta rubuta wasika ta sa hannu. Takardar filin kuma da Hausa aka rubuta ta da biro, ni wane na sayar wa wane, shaidu uku, ga hatimin mai unguwa a kasa har tawadar ta dan baje. Wannan takardar se da aka kai wa mai fassara ya buga nashi hatimin. Dan Allah in kun san kuna da niyyar sayen gida a kasar nan kar ku yar da ko da rasit daya.

Ga kuma wani abu da yawancin mutanenmu basu sani ba. Akwai harajin sayen gida, stam diyuti suke ce masa, wanda be taba mallakar gida ba ana yafe masa har zuwa fam 300,000. Na dauka ina ciki. Ashe be taba mallaka ba din nan a duk duniya ake nufi, har wanda ka gada. Ni kuma ina da kaso a gidan marigayi Baba a Jekadafari, Allah ya jikansa da rahama. Wani ya ce min yo wa zai sani, ka yi shiru kawai. Na ce a'a, gidan da zan kwantar da 'ya'yana ba zan kafa shi a kan karya ba. Gidan fam 185,000 ne, 125,000 na farko ba haraji, sauran 60,000 kashi 2 cikin dari, na biya fam 1,200 na huta. Da kason nawa ya kai fam 40,000 da an kara min wani kashi 5 cikin dari na mai gida biyu, toh be kai ba.

Wannan ma ba shi ne gidan da na fara nema ba. Na farkon na taya an karba, na biya safiyo ya je ya duba, har maman yara ta fara zaben labule, se dillalin ya bugo wai wani ya kara kudi an ba shi. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Mu a gida in mai abu ya ce na sallama a gaban shaidu ciniki ya fada, abin kunya ne ya janye, a Ingila kuwa kafin lauyoyi su yi musayar takardu kowa na iya fasawa kuma kudin da ka kashe sun tafi. Na biyun kuma hoto kaman gidan amarya, ina shiga wani wari ya dake ni, na ja wadirof gefe na ga bangon baki kirin da danshi, an shafe sauran dakin da sabon fenti an bar nan. Wannan na ukun ne Allah ya nufa. Lauya ta bincika min ko akwai tsohon ramin kwal a karkashinsa, dan yankin nan an hako kwal sosai a da, ta duba maganar ambaliya saboda a 2007 kogin Don ya yi barna a garin nan. Kuma gidaje da yawa a Shefil ginin naka ne kasar ta wani ce, haya ce ta shekara 800 kana biyan 'yan fam kadan a shekara, da na ji haka se na tuna takardar mallakar fili tamu ta gida ma ai shekara 99 ce.

Toh ya isa haka, yara sun saka takalma, mu je tasha in nuna muku ainihin abin da ya sa na zabi garin nan.

Mun shiga jirgin da ke zuwa Manchesta ta kwarin Hope. Ku lura yanzu za mu shiga wani rami mai tsawo, ya fi kilomita biyar, yara suna rufe ido suna kirge. Yauwa, ku kalla. Minti kadan da suka wuce gine gine ne da motoci, yanzu kore ko ta ina. Sunan wurin Peak District, shi ne gandun shakatawa na kasa na farko a Birtaniya, 1951 aka kafa shi, kuma kusan kashi daya cikin uku na kasar Shefil a cikinsa take. Daga tashar garin zuwa Edale inda za mu sauka wajen rabin awa ne.

Wancan tudun shi za mu hau, Mam Tor, mita 517. Abin da ya fara daure min kai ranar farko tumaki ne, daruruwa a watse a kan tudu ba makiyayi ba sanda, an de shafa musu fenti ja ko shudi a baya dan a san na wane. Katangun nan kuma duwatsu ne aka jera ba siminti ba laka, kuma suna nan tsaye. Hanyar da muke bi cikin gonar mutum ta ratsa, doka ta ba ka izinin wucewa, naka kawai ka rufe kofar da ka bude kar dabba ta fita. Kuma ba haka kawai aka samu ba, a 1932 ma'aikata daga Manchesta da Shefil suka hau wancan babban dutsen na can, Kinder Scout, da gangan, lokacin masu kasa sun hana talaka taka wurin, har aka daure wasu daga cikinsu. Duk sanda na bude irin kofar nan na rufe se tunanin manomanmu da makiyayanmu ya zo min, burtalin da aka cinye, rigimar da ake yi duk kaka, raina ya yi nauyi.

Mun iso sama, iska kaman za ta kwace min wayar. Maman yara 'yar Bauchi ce kun san maganar masa ba a ja da su, tun asuba ta soya, ga ta nan a kula har yanzu da dumi, ga yajin kuli, ga shayi da citta da kanumfari a filas. Wani dattijo Bature da karensa ya tsaya yana tambayar mene ne wannan, muka mika masa daya, ya cinye ya ce a kara. Azahar a nan zan yi ta, ruwan alwala na gora, darduma kuma se na danne kusurwa hudu da duwatsu in ba haka ba kafin in yi ruku'u tana kwari.

Sati biyu da suka wuce Ladybower muka je, wani dam ne, ina ganinsa na ce Dadin Kowa. Kauyuka biyu ruwan ya shanye da aka gina shi, Derwent da Ashopton, a 2018 da ruwa ya ja baya har kufan gidajen suka fito mutane suka yi ta zuwa kallo. Wannan da bas ma ana zuwa. Abu biyu kawai, rigar ruwa da takalmi mai kama kasa, kuma in Disamba ce kafin karfe hudu rana ta fadi, ku fito da wuri.

Bari in zauna in gaya muku wani abu. Ranar da na karbi makulli na kira Hajiya ta bidiyo ina zagayawa da ita daki daki, ga kicin, ga dakin yara, ga dan filin baya inda zan gwada shuka alayyahu. Ta yi ta sa albarka, Allah ya sa rai aka yi wa. Can se ta yi shiru, ta ce toh kai kenan ka zama dan can. Na ce Hajiya ba haka bane, haya ce na gaji da biya, gida ai yana Jekadafari. Ta ce Allah ya sa. Wlh da ta kashe wayar a kan matakala na zauna na dade ban tashi ba.

Tun ranar in na hau tudun nan ita nake tunawa, da kuma abin da na bari. Shekara talatin na yi a Gombe, dutsen Bima yana nan kusa da Dadin Kowa ina hango shi daga mota ban taba taka shi ba. Yankari sau daya na je, makaranta ce ta kai mu, na shiga ruwan Wikki mai dumin nan da ba ya canzawa rani da damina, digiri 31, garau kana ganin yashin kasa, ban sake komawa ba. Duwatsun Kaltungo da Tula kuwa labari kawai nake ji. Se da na zo kasar mutane na ga tsohuwa 'yar shekara saba'in da sanda biyu tana hawa tudu cikin yayyafi sannan na ji zafin abin. Yarana sun san sunan Mam Tor basu san Bima ba, wannan yana ci min rai sosai.

Na riga na cike takardar hutu ta Disamba, sati uku. Na gaya wa kanena ya nemo mana bas, Hajiya a gaba, jikokinta duka a baya, Yankari za mu kwana biyu, ta ce ita ba za ta shiga ruwa ba amma za ta zauna a bakin ta sa kafa. Wanda ya san halin da hanyar take ciki yanzu daga Dindima zuwa Mainamaji ya sanar da ni dan Allah.

Kai ku ga hadarin can da ya taso ta wajen Kinder, minti goma be cika ba zai iso mu. Yara ku tattara kula, kar a bar ko leda daya a nan. Ta Castleton za mu gangara mu kama bas din gida, wannan gefen akwai santsi, bari in saka wayar a aljihu in rike hannun karamar.