Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya a Buɗe Horon Likitoci kan Raunukan Wasanni, Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Minista, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, malamanmu na Jami'ar André Salifou, iyayenmu da ƴan'uwa, assalamu alaikum. A madadin matasan likitocin da ke neman ƙwarewa kan lafiyar iyali, ina yi maka barka da zuwa, da fatan ka sauka lafiya.

Ranka ya daɗe, ka zo garin kokawa. Tun da aka fara gasar kokawa ta neman takobin ƙasa a Tawa a 1975, ƴan kokawarmu ba su bar fage ba, filinmu ma sunan ɗan kokawarmu Langa-Langa yake ɗauke da shi. Amma idan kafaɗar ɗan kokawa ta goce a Magarya ko Mirya, ko ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Tanut, ba likitan ƙashi zai fara gani ba, mu zai gani, in ma bai riga ya biya wurin maɗori ba. Muna girmama maɗora, sai dai mun sha karɓar yaro da karan ɗori an tamke masa hannu har jini ya daina gudana, yatsu sun kumbura sun yi sanyi, wani lokaci sai an yanke hannun.

Shi ya sa wannan horo ya tsaya mana a rai. Muna so hannunmu ya iya rarrabe targaɗe da karaya. Akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992: wanda ya gurɗe idon sawu, in ya iya taku huɗu kuma ba ya jin zafi idan an danna bayan ƙasusuwan idon sawun, galibi ba ya bukatar hoto, abin da zai hutar da talaka kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Zinder. Haka kuma matashin da ke ɗingishi yana kukan ƙugu, dole mu tuna da amosanin jini kafin mu ce raunin wasa ne.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a mayar da wannan darasi cikin tsarin karatunmu na dindindin, a kuma riƙa tura mu bakin fagen kokawa da filin ƙwallo tare da malamanmu.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu muna gayyatarka ka buɗe mana wannan zama.