Laccar injiniya kan boilar kwal da yadda ake rage hayaƙinta

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓo yau kan boilar da ke ƙona kwal, wato babbar tukunyar da ke maida ruwa tururi: niƙa, iska, na'urorin tace hayaƙi, sai toka.

Kar wani ya ce ina ruwanmu da kwal, ai na China da Indiya ne. Tun 1909 aka gano kwal a Enugu, jiragen ƙasan da suka yi ta kwasar gyaɗa daga Kano da shi suka yi aiki. Yau ma ga na Maiganga a Gombe da kamfanin simintin Ashaka ke amfani da shi, ga na Anu Araren a jihar Agadas wanda tun farkon shekarun 1980 yake ba ma'adinan Arlit wutar lantarki.

Na farko niƙa. Manyan boiloli ba dunƙulen kwal suke ci ba, gari ake maida shi, lukwi sosai, wajen kashi 70 cikin ɗari ya wuce rariyar da ƙofarta mikiron 75 ce, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Dalili kuwa daƙiƙa biyu zuwa uku kacal garin ke yi cikin wutar, wanda bai niƙu ba haka zai fice bai ƙone ba, ka je ka ga tokarka baƙa. Kuɗinka ne a ciki.

Na biyu iska, kuma nan ne zan zauna, ku yi haƙuri da ni. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin, wajen 78 naitirojin ne da ba ya taimakon wuta da komai, ɗumi kawai yake sata ya fice ta bututu. Duk wadda ta taɓa hura kurfoti ta san wannan, in ba ki fifita ba gawayi ya yi ta hayaƙi, in kin cika fifita ya cinye kafin tuwo ya nuna. To haka boila take. In iska ta yi kaɗan sai baƙin hayaƙi da iskar gubar nan da ke kashe mutane in sun kwana da janareto a ɗaki. In ta yi yawa kuma ka koma ɗumama sararin samaniya da kwal ɗin da ka saya. Abin da ake so rarar iska ta kashi 15 zuwa 20, wato in ka auna hayaƙin da ke fita ka ga oksijin kashi 3 zuwa 4. Ku rubuta wannan lambar, 3 zuwa 4. Kai ɗan'uwa mai jar hula, waya kake dannawa ko rubutu? (dariya) To rubuta.

Abin da ke ci mini rai wallahi, na'urar auna oksijin ɗin nan ba ta kai ko kusa da kuɗin sauran kayan ba, amma na shiga wata masana'anta na tarar ta mutu tuntuni, ma'aikaci na leƙa wuta ta taga yana saita iska da ido. Da ido fa! Kuma shi ba laifinsa ba ne, in hayaƙi ya yi baƙi shi za a yi wa faɗa, don haka sai ya buɗe iska har ƙarshe, bututu ya yi fes, kowa ya ce aiki na kyau, alhali kwal na tafiya a banza. Ga kuma ɓaraka, jikin boila ya tsufa iska na kutsawa ta inda ba a so, na'ura ta nuna maka oksijin ya isa amma a bakin wuta babu. Sai an bi an toshe.

Sannan ba yawan iskar kaɗai ba, ina ka shigar da ita? In ka zuba ta duka a bakin wuta zafi ya haura sosai, naitirojin ya haɗu da oksijin, a samu iskar da ke ƙona huhu, masu asma su suka fi shan wahalarta. Dabarar ita ce ka ɗan rage iskar a ƙasa, ka ƙarasa sauran daga sama, wutar ta ci a hankali. Akwai ma boilar da ake hura kwal cikin yashi yana tafasa a wajen digiri 850, a zuba dutsen farar ƙasa ya kama farar wutar da ke cikin kwal ɗin tun a ciki, kuma tana cin kwal mai yawan toka.

Kun san a Landan, Disamba 1952, hayaƙin kwal ya rufe gari kwana biyar, a ƙidayar farko mutum wajen 4,000 suka mutu, shi ya jawo dokar tsaftace iska ta 1956. Mutane ne fa, da 'ya'yansu.

Na uku, ko na huɗu muke? Lokaci ya ja, bari in gudu. Ƙura ana kama ta da na'urar lantarki ko jakunkunan tacewa, sama da kashi 99. Farar wuta a wanke ta da ruwan farar ƙasa, a samu jifsom da masu siminti ke saye. Waccan mai ƙona huhu a fesa mata amoniya. China ta sa wa tashoshinta iyaka, ƙura miligiram 10, na farar wuta 35, na naitirojin 50 a kowace kubik mita. Toka kuma... na'am, akwai tambaya?

(Wata ɗaliba: Malam, duk wannan zai hana ɗumamar yanayi?)

'Yata, a'a, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Duk na'urorin da na lissafa ba sa taɓa kabon dayoksaid, duk tan ɗaya na kabon da ya ƙone sai ya ba da tan 3.67 nata. Abin da gyaran wuta ke yi shi ne ka ƙona kwal kaɗan ka samu lantarki iri ɗaya. Tsohuwar tasha kashi 33 na zafin kwal take maidawa lantarki ko ƙasa da haka, sababbi masu tururi mai tsananin matsi suna kai wajen 45. Akwai masu kama kabon dayoksaid ɗin su tura ta ƙarƙashin ƙasa, Kanada ta fara a Boundary Dam a 2014, amma tsada gare shi kuma yana cin wani kaso na lantarkin tashar. Mu da Allah ya ba rana irin ta Agadas da Sakkwato, in sabuwar tasha za a gina ni hasken rana zan fara dubawa. Waɗanda ke aiki yanzu kuwa akwai ƙauyuka kusa da su, a gyara musu wutar tukuna. Akwai wani hannu can, bismillah.