Sauka daga jirgin ruwa, shiga wani a rana ɗaya: yadda ake ɗaukar tasi tsakanin tasha da tasha

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganarmu a kan manyan jiragen ruwan nan ne na yawon shaƙatawa, masu kwasar dubban mutane su zaga da su gari-gari na mako guda ko fiye. Akwai matafiyan da idan tafiyar farko ta ƙare ba gida suke nufa ba. Da safe su sauka daga wannan jirgi, kafin la'asar sun shiga wani. Tsakanin jiragen biyu akwai 'yar tafiyar mota, wani lokaci ta minti biyar, wani lokaci ta awa guda. Mutane kan raina ta, alhali ita ce ke iya wargaza shirin da aka yi wata da watanni ana tara wa kuɗi.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, sunan garin da ke kan tikitinka ba adireshi ba ne. Mu ɗauki misalin tashar Mayami da ke jihar Filorida a Amurka. Tashar tana kan wani tsibiri ne da ake kira Dodge Island, kuma a jikinsa an jera zaurukan fasinjoji, kowane da harafinsa. Zauren A na kamfanin Royal Caribbean ne, an buɗe shi a 2018. B na Norwegian ne, V na Virgin Voyages, sai AA na kamfanin MSC da aka buɗe a 2025. To ka ga A da AA gini biyu ne daban, amma a bakin mai sauri da kunnen direban da ke fama da cunkoso, abu ɗaya ne. Saboda haka kada ka dogara da faɗa da baki. Rubuta sunan jirgin da harafin zauren a takarda da manyan baƙaƙe, ka miƙa wa direba ya karanta da idonsa.

Sunan jirgin ma a faɗe shi cikakke. Jiragen Royal Caribbean duk da "of the Seas" suke ƙarewa, na Holland America kuma da "dam". Ranar Asabar ko Lahadi za ka iya tarar da biyu ko uku na kamfani ɗaya a tasha guda. Idan ka ambaci sunan kamfani kawai, direba zai kai ka inda ya saba kai mutane, ba lallai inda naka jirgin yake ba.

A Southampton ta Ingila abin ya fi haka sarƙaƙiya. Zaurukan fasinja 5 ne: Ocean, Queen Elizabeth II, City, Horizon da Mayflower. Biyun farko suna ɓangaren gabas, ta ƙofa mai lamba 4 ake shigarsu. Mayflower kuwa tana can yamma, ta ƙofa mai lamba 10. Wanda ya sauka a Ocean zai hau jirgi a Mayflower, sai motarsa ta fita daga harabar tashar, ta bi titin cikin gari, sannan ta sake shiga ta wata ƙofar. A irin wannan wuri lambar ƙofa ta fi komai amfani ga direba.

Wani zai ce, ai ga jirgin can ina hangensa, me zai hana in ja akwatina in taka? Jirgi mai hawa goma sha wani abu daga nesa ake hangensa, sai ya yi kamar kusa yake. Ban da haka, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsaurara tsaron tashoshin ruwa, kuma daga 1 ga Yuli 2004 dokar tsaro ta ƙasa da ƙasa da ake kira ISPS ta fara aiki. Ita ta sa za ka ga waya ta kewaye ko'ina, masu gadi a kowace ƙofa, wurare da dama kuma an haramta wa mai tafiya a ƙasa. Inda aka yarda a taka ɗin ma, hanya ce ta manyan motoci masu kawo wa jirgi abinci da ruwa, ga motocin ɗaga kaya suna kai da kawo. Ni dai ba zan ba wa dattijo ko mai yara shawarar ya bi irin wannan hanya da akwati a hannu ba, ko da an ce masa kusa ne.

Yanzu mu zo kan lokaci, don a nan ne maganar take. Yawanci jirgi kan iso tasha da asuba, wajen ƙarfe shida ko bakwai. Ba a sakin kowa sai hukumomin ƙasar sun ba da izini. Daga nan sai a fara sauke mutane rukuni-rukuni, zuwa wajen ƙarfe goma an kwashe kowa. Jirgi na biyu shi ma a wannan safiyar yake sallamar nasa fasinjojin, don haka ba zai fara karɓar sababbi ba sai wajen sha ɗaya ko tsakar rana, ya tashi wajen huɗu ko biyar na yamma. Sai dai lokacin tashi ba shi ne lokacinka ba. A Amurka doka ta wajabta wa kamfani ya miƙa wa hukuma jerin sunayen fasinjoji minti 60 kafin jirgi ya bar tasha, shi ya sa kamfanoni da yawa ke rufe rajista tun saura awa ɗaya da rabi. Sannan akwai atisayen ceton rai. Bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, wanda mutum 32 suka rasu a cikinsa, an gyara doka, daga 2015 dole a yi wa sababbin fasinjoji wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Duk wannan yana cin lokaci daga yinin da kake ganin yana da tsawo.

To wane lokaci ya fi dacewa ka sauka? Idan jiragen biyu a tasha ɗaya suke, babu dalilin rige-rigen fita. Wanda ya fito ƙarfe bakwai zai je ya tarar ba a buɗe zaure na biyu ba, ya yi zaman jira a waje da kaya. Gara ka karya kumallo a natse, ka nemi a sa ka a rukunin ƙarshe ko na kusa da shi. Amma idan akwai tafiya mai nisa a gabanka, ka zaɓi tsarin da mutum ke fita da kayansa da kansa. Masu wannan tsari su ake fara saki, kuma suna riga cincirindon da ke taruwa a layin tasi tsakanin takwas da rabi zuwa goma.

Ga wani ƙaramin abu da ke jawo babban ciwon kai. Daren ƙarshe a jirgin farko, ana ba ka wata takarda mai launi ka ɗaura a hannun akwati, ka ajiye shi a ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe cikin dare. Da safe ka same shi a babban zaure, an jera kaya bisa launi da lamba. Kada ka ɗaura takardar jirgi na biyu a wannan dare. Ka bari sai ka karɓi kayanka, ka wuce kwastan, sannan ka tsaya gefe ka cire tsohuwar gaba ɗaya, ka ɗaura sabuwa mai ɗauke da sunan jirgi da lambar ɗakinka. Ɗan dako a zaure na biyu kallo ɗaya yake yi wa akwati ya jefa shi cikin keji. Idan takardu biyu ya gani, Allah kaɗai ya san wadda idonsa zai faɗa a kai. Ka buga sababbin takardun tun kafin ka bar gida, ka zo da ɗan salatif ko abin maƙalewa a aljihun jaka.

Mu koma bakin layin tasi. A galibin tashoshi akwai jami'i mai tsara layi, sanye da riga mai ƙyalli. Shi za ka fara gaya wa inda za ka da yawan kayanku. Idan ku huɗu ne da manyan akwatuna huɗu, ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, sai ya kira muku babba. Ka kuma faɗi gaskiya tun farko cewa tafiyar gajeriya ce. Ka tuna direban nan wataƙila ya daɗe a layi yana sa ran fasinjan filin jirgin sama, sai ga shi an ce ya kai mutum zauren da ke bayan kwana. Ransa ba zai yi daɗi ba, kuma ana iya fahimtarsa. A birane da yawa doka ba ta yarda direba ya ƙi fasinja don gajartar tafiya ba, amma ni na fi son a sasanta da mutunci: a gaya masa kafin a loda kaya, a kuma kyautata masa tukuici idan an isa. Duk wanda ya tare ka a ƙofa yana raɗa maka cewa yana da mota a can gefe, ka ba shi haƙuri ka wuce layin hukuma.

Kuɗin mota kuma kowane gari da tsarinsa. Kafin a tayar da mota ka tambaya: da mita za a yi, ko kuɗi ne tsayayye? Yana karɓar kati? A Basalona ta Sifaniya, tasi masu launin baƙi da rawaya suna da ƙarin kuɗi na hukuma idan daga mashigin Adossat aka ɗauke ka, inda manyan jirage ke tsayawa, don haka idan ka ga ƙari a kan mita ba cuta ba ce. A New York kuwa tashoshi uku ne ake kira da sunan birnin: ta Manhattan, ta Red Hook a Brooklyn, da Cape Liberty wadda ma a jihar New Jersey take. Tasi mai rawaya idan zai tsallaka zuwa can, ciniki ake yi a kan kuɗi tsayayye kafin a tashi, ga kuɗin gada ko na ramin ƙarƙashin kogi a kai. Ka yi wannan cinikin ƙafarka tana ƙasa, kayanka ba su shiga but ba.

Masu son manhajojin kiran mota irin su Uber ko Lyft, suna aiki a wurare da yawa, amma sau da yawa an keɓe musu wurin ɗaukar fasinja daban, kuma farashinsu kan hau a daidai lokacin da dubban mutane ke kira gaba ɗaya. Intanet ɗin jirgi yana yankewa da zarar ka fita, don haka sai kana da data a wayarka.

Idan tashoshin biyu ba a gari ɗaya suke ba, lissafi ya canza. Daga Mayami zuwa Port Everglades da ke Fort Lauderdale kusan kilomita 45 ne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan hanya a sake take, kuma mutane na yin ta a rana ɗaya lafiya lau. Ka riƙe fasfo a hannu, don ana duba shaida a ƙofar shiga. A Sidni ta Ostireliya, jiragen da suka fi ƙarfin wucewa ta ƙarƙashin babbar gadar birnin a Circular Quay suke tsayawa, waɗanda ke iya wucewa kuma su nufi White Bay, tafiya ce ta cikin gari. Amma daga Mayami zuwa Port Canaveral ya haura kilomita 300. Wannan ba aikin tasin layi ba ne, mota ake tanada tun da wuri, kuma ra'ayina shi ne kada a haɗa ta da rana ɗaya sam.

Dalilina shi ne, jirgin farko yana iya makara. A tashoshin Tampa da Galveston na Amurka hazo kan rufe mashigin ruwa a lokacin sanyi, jirgi ya yi ta jira a waje har rana ta take. Jirgi na biyu kuwa ba zai jira ka ba, musamman idan kamfanonin daban ne, don a wurinsu kai fasinja ne da bai zo ba. Kwana ɗaya a otal tsakanin tafiyoyin biyu ya fi asarar tikitin mako guda sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kuma karanta takardar inshorar tafiyarka ka ga ko ta ƙunshi irin wannan makara.

Kada a manta da biza. Saukarka daga jirgin farko shiga ƙasa ce, dawowar jirgi na biyu ma wata shigar ce. Wanda fasfonsa ke buƙatar biza ya tabbatar tasa ta shiga sau da yawa ce, ya tambayi kamfanonin biyu a rubuce tun kafin ya biya kuɗi.

Daren ƙarshe, ka duba shafin hukumar tashar ko manhajar kamfanin, domin akan sauya wa jirgi zaure, wani lokaci ana gobe tafiya. Matambayi ba ya ɓata: teburin kula da fasinjoji na jirgin farko ma za su iya gaya maka ko akwai bas da ke zirga-zirga tsakanin zaurukan, kuma idan jiragen biyu na kamfani ɗaya ne, wani lokaci su da kansu suke shirya motar.

Da kun isa, kafin ka sallami direba, ka ƙirga akwatuna a ƙasa, ka leƙa but da kujerar baya, ka karɓi rasit, don lambar motar da ke jikinsa ita za ta taimaka idan an bar wani abu a ciki. Fasfo, takardar shiga jirgi, magunguna, caja da kayan sawa na yini guda su zauna a ƙaramar jakar da ke kafaɗarka, domin manyan akwatunan da ka miƙa wa 'yan dako ba za su iso ƙofar ɗakinka ba sai can da yamma. Mai tambaya a kan wata tasha da ban ambata ba, ya rubuto mana sunan tashar da na jiragen biyu, za mu duba ta a shiri na gaba in sha Allah.