Exec ya yi lissafin, amma kuɗin ya tsaya a sifili

Hauwa: Masu sauraro, barkanmu da yamma daga nan Kano. Malam Bashir, yau da ƙorafi na zo. Na rubuta wa kawuna ɗan shirin kwamfuta da yaren Python saboda shagonsa na Kantin Kwari. Tunda yadda yake ragi yana sauyawa, sai na ajiye lissafin a matsayin rubutu, exec, wato umarnin Python da ke aiwatar da rubutu a matsayin shiri, ya riƙa gudanar da shi. A cikin fankishin, wato ɗan sashen shiri mai aiki na musamman, na sa kudi = 0, exec ya lissafa kudi = yadi * farashi. Da na buga sakamako, sifili! Har Isha'i ina fama.

Malam Bashir: Kuma bai nuna miki kuskure ba ko?

Hauwa: Ko ɗaya, Malam.

Malam Bashir: Shirun nan shi ne ke wahalar da masu koyo. Kin san littafin bashi? Tun kafin fankishin ya fara aiki, Python ya gama tsara sunayen da ke cikinsa, kowanne da gurbinsa. Da kika kira exec, ba littafin aka miƙa masa ba, fotokwafi aka ba shi. Ya rubuta sabon kuɗin a jikin kwafin, littafin kawunki yana nan yadda yake.

Hauwa: Amma da na gwada a wajen fankishin ya yi aiki.

Malam Bashir: Can tsakar gida ne, littafi ɗaya kowa ke rubutu a ciki. A Python 2 ma dabararki tana ci. Daga Python 3, wanda ya fito a 2008, aka mayar da exec fankishin kamar sauran. Ko 3.13 na 2024, da ya fayyace halin locals(), mai ba da wancan kwafin sunayen, bai dawo da tsohuwar hanyar ba.

Hauwa: To mafita fa?

Malam Bashir: Ki buɗe dikshinari naki, wato ma'ajiyar sunaye da ƙimarsu, ki zuba yadi da farashi, ki miƙa wa exec, sannan ki ɗauko kudi daga cikinsa. Guda ɗaya fa. In kika ba shi biyu daban, fankishin da rubutun ya ƙirƙira ba zai ga sunayen da rubutun ya kafa ba, sai kuskuren NameError, wato bai san sunan ba. Amma Hauwa, wa ke shigar da lissafin ragin?

Hauwa: Yaran shago.

Malam Bashir: Wannan ya fi sifilin tayar min da hankali. Duk abin da suka rubuta exec zai aiwatar, har goge fayil. Su riƙa shigar da lamba kawai, lissafin ya zauna cikin shirinki.

Hauwa: Gobe in Allah Ya kai mu zan leƙa Kwarin da kwamfutata.