Ons Jabeur da kofin da ya ƙi zuwa

HADIZA: To jama'a, saƙonninku sun iso. Tun da Ons Jabeur, 'yar wasan tanis ta Tunisiya, ta sanar a Yulin 2025 cewa za ta ɗan jingine wasa, tambayar ɗaya ce: wai ta gama ke nan? Yau sai na amayar da abin da ke raina.

BASHIR: Yaya Hadiza, ai kullum ma ke ce ke amayarwa.

HADIZA: Bari in gama mana. Sau uku tana kaiwa wasan ƙarshe a manyan gasanni, Wimbledon 2022, US Open 2022, sai Wimbledon 2023, ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Na farkon ne ya fi ƙona min rai. Ranar Babbar Sallah ce fa. Ta ci zagayen farko 6-3, kowa ya sa rai, sai Rybakina ta farka ta yi mata 6-2, 6-2.

FATI: Ni kuwa na 2023. Ta rama a kan Rybakina, ta fitar da Sabalenka, sai Vondrousova da ba ta ma cikin jerin gwanaye ta zo ta yi mata 6-4, 6-4.

HADIZA: Ai ranar hannunta ne ya yi nauyi. Kun san bugun nan nata, ta ɗaga hannu kamar za ta rafka, sai ta shafi ƙwallon kawai ta faɗo gindin raga, abokiyar karawa na can baya tana zare ido. Bugun yana son sakin jiki. Wadda Tunisiya, Larabawa da Afirka duk suka ɗora wa buri, ina za ta samu sakin jiki? Shi ya sa masu cewa ba ta da zuciya suke ba ni haushi.

BASHIR: Ni mijin nan nata nake tausayi.

FATI: Karim Kamoun?

BASHIR: Shi. Tsohon ɗan wasan takobi ne, kuma shi ke ba ta horon motsa jiki. Ki duba fa, da safe ka sa matarka gudu har ta galabaita, da dare ku zauna a falo ɗaya.

FATI: Ya ce "ƙara zagaye biyu", ta ce "za mu haɗu a gida".

BASHIR: Shi ya sa ya fara koyon takobi tukuna!

HADIZA: Kai Bashir.

BASHIR: Wallahi Yaya, da ni ne agogon zan riƙa dannawa da wuri. "Madalla, kin karya tarihi, mu tafi."

FATI: Sai ta sha kaye a zagayen farko, a ce wa ya horar da ita.

BASHIR: In ce takobi na iya.

HADIZA: Kun gama? To ku ji. Yarinyar da aka haifa a Ksar Hellal a 1994, mahaifiyarta ta fara kai ta fili tana shekara 3. Ƙasarsu ba ta da kuɗin da Amurka ko Faransa ke zubawa a tanis, ga tikitin jirgi, ga otal, ga albashin koci. A haka ta ci gasar matasa ta French Open a 2011. Daga nan sai da ta yi shekara 10 tana faɗi-tashi kafin kofinta na farko na WTA, wato ƙungiyar tanis ta mata ta duniya, a Birmingham a 2021, Balarabiya ta farko da ta yi hakan. A 2022 ta ci Madrid, ta hau matsayi na 2 a duniya. Wannan ce za a ce ta gaza?

FATI: Ni abin da ba na mantawa, da ta doke ƙawarta Tatjana Maria a wasan kusa da na ƙarshe na Wimbledon 2022, sai ta kamo hannunta ta jawo ta tsakiyar fili, a tafa mata ita ma.

HADIZA: Ministar Farin Ciki ke nan, kamar yadda ake mata laƙabi a Tunisiya. To batun ko za ta dawo...

BASHIR: Yaya, lokaci ya tafi fa.

HADIZA: Haba? Takobinka ne ya cinye. Fati, ajiye saƙonnin nan, sai mako mai zuwa.